Manjo R. C. Abraham (1890–1963): Ma'aikacin Gwamnatin da Ya Bar Mana Ƙamus

Lokacin da editan wannan mujalla tamu ya tare ni a wurin taron shekara ya ce lalle bana sai na kawo tarihin wani shahararren mutum domin wannan fili, na san zatonsa shi ne zan ɗauko wani sarki ko wani ɗan siyasar Jamhuriya ta Farko, tunda Tarihi na karanta a jami'a. To, wanda na zaɓo Bature ne, tsohon soja, ma'aikacin gwamnati kamar ni, wanda ya mutu tun kafin a haifi da yawa daga cikin malaman da suka koyar da mu. Sunansa Roy Clive Abraham, amma a bangon littattafansa R. C. Abraham ake rubutawa, wani lokaci a haɗa da muƙaminsa na Manjo.

Na tabbata 'yan ajinmu sun san shi ba tare da sun san sun san shi ba. Kun tuna wani ƙaton littafi mai yagaggen bango da ke kan kantar ƙarshe a laburaren makaranta, wanda muke tokare taga da shi idan iskar hunturu ta taso? Shi ne ƙamusun Hausa na Abraham. Shekara shida na yi a makarantar nan, ban taɓa buɗe shi don karatu ba ko sau ɗaya. Malaminmu na Hausa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sha kwatanta mana shi, mu kuwa a lokacin darasin Hausa lokacin hutawa ne a wurinmu, don muna ganin me za a koya wa Bahaushe a Hausa.

Yadda Na Gamu da Shi

Da na shiga jami'a, sai aka ce kowane ɗalibi ya haɗa babban fanninsa da wani ƙaramin fanni. Abokaina suka rarrabu, wasu suka ɗauki Kimiyyar Siyasa, wasu Turanci. Ni kuwa na ɗauki Kimiyyar Harshe, kuma gaskiyar magana dalilina biyu ne, babu na yabo a cikinsu. Na farko, lokacin laccocinsa bai ci karo da na Tarihi ba. Na biyu, na ji an ce yawancin misalan da Hausa ake bayarwa, na ce to ai banza ta faɗi.

Gwajin farko ya raba ni da wannan tunani. An ba mu kalmomin Hausa 10, aka ce mu nuna karin sautin kowace gaɓa, mu kuma nuna dogon wasali da gajere. Na ci 3. Wata yarinya Bayarabiya da ke zaune kusa da ni, wadda Hausarta ta kasuwa ce, ta ci 8, domin tun a firamare an koya mata sa alamar karin sauti a rubutun harshenta. Ranar ce na gane cewa iya magana da harshe daban, sanin yadda aka gina shi daban. Mutum yana iya shekara 40 yana kwana a ɗaki bai san azara nawa ke riƙe da rufinsa ba.

Malamin da ke koyar da mu tsarin sauti bai yi mana faɗa ba. Ya rubuta kalmar fari a allo, ya ce kowa ya faɗi ma'anarta. Wani ya ce launi, wani ya ce rashin ruwan sama, wani ya ce jam'in fara, wani ya ce ai akwai ɗan fari. Duka huɗun gaskiya ne, rubutu ɗaya, furuci huɗu. Fari na launi da fari na rashin ruwa duk gajeren wasali ke gare su a gaɓar farko, karin sauti ne ya raba su: na launi sama-sama, na rashin ruwa sama-ƙasa. Sauran biyun dogon wasali ne, na ƙwari ƙasa-sama, na ɗan fari sama-ƙasa. Sa'an nan ya tura mu laburaren jami'a mu je mu ga yadda Abraham ya bambanta irin waɗannan kalmomi. Da ma'aikacin laburare ya ajiye littafin a gabana, sai na ga ashe abin tokare tagarmu ne. Kunya ta kama ni ni kaɗai. Tun daga nan na shiga bin diddigin mutumin, kuma abin da na samu ne zan ba ku a taƙaice.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abraham ran 16 ga Disamba 1890 a birnin Melbon na ƙasar Ostireliya. Ingila ya yi karatunsa na ƙuruciya, a wata makaranta da ke ƙarƙashin Kwalejin Jami'a ta Landan, sa'an nan Kwalejin Clifton, kuma ya yi wani ɓangare na karatun a Jamus. A wancan zamani Jamus ce cibiyar nazarin harsuna a duk Turai, don haka tun yana matashi ya shaƙi wannan iska.

Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka fara a 1914, ya same shi yana ɗan shekara 23. Ya shiga soja, ya yi aiki a yankin Larabawa da kuma iyakar arewa maso yammacin Indiya, wato yankin da a yau yake cikin Pakistan daura da Afganistan. Sai bayan ya ajiye kaki ya koma makaranta. A 1923 ya shiga Kwalejin Balliol ta Jami'ar Oksfod yana da shekara 32, shekarun da yawancinmu muke ganin karatu ya riga ya wuce mu. A 1924 ya fito da digiri mai daraja ta ɗaya a Larabci da Farisanci. Har ma ya nemi a yi masa jarrabawa a tsohon harshen Habasha, aka rasa wanda zai jarraba shi. Bayan ya kama aiki ma bai daina neman ilimi ba: a 1927 ya sami takardar shaida a fannin nazarin al'adun ɗan Adam daga Kwalejin Jami'a ta Landan, a 1930 kuma ya sami difloma a Larabci daga makarantar nazarin harsunan Gabas ta Landan, wadda daga baya ta zama SOAS.

Abin lura a nan shi ne babu wani digiri da ya yi a harsunan Afirka ta Yamma. Ya zo da kunne mai kaifi, da horon da ya samu wajen nazarin nahawun Larabci da Farisanci, da kuma naci. Sauran duk a bakin aiki ya koya.

Zuwansa Nijeriya ta Arewa

A 1925 aka ɗauke shi aiki a sashen mulki na Lardunan Arewa, wato layin su Di'o da Razdan, kuma ya zauna a wannan aiki har 1944. Yana da shekara 34 ya zo, kusan shekarun da nake da su yanzu ke nan, abin da yakan sa ni tsarguwa in na tuna.

Kada mu ruɗi kanmu game da dalilin da ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta damu da harsunanmu. Tana bukatar jami'anta su iya magana da sarakuna da alƙalai da talakawa domin tafiyar da mulki, da shari'a, da karɓar haraji, shi ya sa ma aka wajabta musu cin jarrabawar harshe. Abraham ma'aikacin wannan gwamnati ne, albashinta yake ci, kuma binciken da ya yi ya yi mata amfani. Bambancinsa da ɗaruruwan takwarorinsa shi ne su sun koyi abin da zai fisshe su jarrabawa sun tsaya, shi kuwa ya zarce har abin ya zama aikin rayuwarsa.

Kafin zuwansa an riga an taɓa aikin ƙamusun Hausa. J. F. Schön ya buga nasa a 1876, bayan ya zauna da Dorugu, yaron nan Bahaushe da matafiyi Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. C. H. Robinson ya fitar da nasa a ƙarshen ƙarni na 19. Amma waɗannan ba su kama zancen karin sauti ba. Babban aikin da ake ciki lokacin da Abraham ya iso shi ne na G. P. Bargery, tsohon ɗan mishan da ya koma sashen ilimi na gwamnati, wanda aka ɗora wa nauyin tsara cikakken ƙamus tun 1921. Abraham na cikin waɗanda suka taimaka masa. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, da kalmomi kimanin 39,000, kuma har gobe ba a raina shi, musamman wajen tattaro kalmomin karin harsunan Sakkwato da Katsina da sauran garuruwa.

A wannan shekara ta 1934 Abraham ya fitar da nasa littafin nahawu mai suna The Principles of Hausa, kuma a cikinsa ne ya yi abin da masana suka fi tunawa da shi. Bargery ya kasa karin sautin Hausa kashi shida. Abraham ya nuna uku ne kawai: karin sama, da karin ƙasa, da faɗau, wato wanda ke farawa sama ya gangaro ƙasa a gaɓa ɗaya, kamar yadda ake ji a kalmar kai ta sashen jiki, saɓanin kai ta wakilin suna wadda ke tsaye a sama.

Mai karatu na iya cewa to mene ne abin wahala a nan? Wahalar ita ce muryar Bahaushe gangara take yi a cikin jimla. Duk karin saman da ya zo bayan karin ƙasa ba ya komawa tsayin wanda ya gabace shi, sai ya ɗan sauko. Saboda haka a doguwar jimla, karin saman da ke ƙarshe yana iya yin ƙasa har ya kai matsayin karin ƙasan da ke farko. Wanda ya dogara da abin da kunne ke ji kawai zai ƙirga hawa-hawa da yawa. Sai wanda ya tambayi kansa wane bambanci ne ke sauya ma'ana, wane ne kuma muhalli kawai ya jawo shi, zai gane ƙa'idar. Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan darasin tsarin sauti da aka yi zango guda ana koya mana, kuma ita ce ta sa muka riƙa farautar kalmomi masu zubi ɗaya da abu guda ya raba su, irin su gari na zama da gari na tuwo. Masana na baya sun ƙara sauƙaƙa abin, suka ce faɗau ɗin ma haɗuwar sama da ƙasa ce a kan gaɓa mai nauyi. Amma a kan harsashin da Abraham ya kafa suka ɗora.

Bai tsaya ga Hausa kaɗai ba. Aiki ya kai shi yankin Binuwai, inda ya zauna da Tibi da Idoma. A 1933 ya fitar da nahawun Tibi da kuma wani littafi kan al'adun mutanen, The Tiv People, ya kira su da sunan da suke kiran kansu da shi, a zamanin da takardun gwamnati da bakin maƙwabta suka saba da wani laƙabi da su ba sa so. A 1935 ya fitar da The Principles of Idoma, bayani mai zurfi na farko da aka taɓa yi wa wannan harshe. A 1940 ƙamusun Tibi ya fito, a 1941 kuma wani sabon nahawun Hausa. Duk wannan mutum ɗaya ne, a zamanin da babu na'urar ɗaukar magana ta aljihu, babu kwamfuta, sai alƙalami da takarda da fitilar ƙwai.

Yaƙi na Biyu da Kujerar da Ta Kuɓuce

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai aka sake bukatarsa a soja. A 1941 zuwa 1942 ya koyar da Hausa a rundunar sojan Afirka ta Yamma, domin Hausa ce harshen bariki a lokacin. Daga nan aka tura shi Habasha, inda ya koyar da Amharanci da Somaliyanci. Ya kuma yi aiki a Kenya, da Afirka ta Kudu, da Faransa, da Italiya, har da tawagar sojan Birtaniya a Mosko. A wannan yaƙi ne ya kai muƙamin Manjo. A 1945 gidauniyar Leverhulme ta ba shi tallafin bincike kan harsunan Habasha da Eritiriya.

A 1946 ne ya gamu da abin da kowane ma'aikaci ya san ɗacinsa. Bargery, wanda ke koyar da Hausa a SOAS, ya kusa ajiye aiki, Abraham ya nemi ya gaje shi, bai samu ba. F. W. Parsons, shi ma tsohon jami'in mulki a Arewa, shi ya hau kujerar. Mutumin da ya warware matsalar karin sautin Hausa, yana da shekara 55, ya ga an ba wani aikin koyar da Hausa. Adalci dai shi ne a faɗa cewa Parsons ma ya cika kujerar, domin shi ne a 1960 ya fito da tsarin rarraba aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, wanda duk ɗalibin Hausa ya sha haddarsa. Amma wannan bai rage wa wanda aka tsallake zafi ba. Da yawa daga cikinmu an taɓa tsallake mu a ƙarin girma, kuma mun san abin da yakan biyo baya: mutum ya yi fushi da aikin, ya koma zuwa ofis don sa hannu a rajista kawai.

Abraham bai bi wannan hanya ba. A 1948 SOAS ɗin ta ɗauke shi malamin Amharanci, ya haɗa da koyar da Tigirinya, ya kuma shiga binciken harsunan Barbar da Oromo da Somaliyanci. A 1949, shekara uku bayan an hana shi kujerar Hausa, ya fitar da Dictionary of the Hausa Language, mai kusan shafi 1,000.

Abin da ya sa wannan ƙamus ya yi fice shi ne yawan misalai. Ba ya ba ka kalma da fassararta ya wuce. Yakan jero yadda ake amfani da ita a jimloli, da salon magana, da karin magana, da kirari, kuma kowace kalma da alamar tsawon wasali da ta karin sauti a kanta, ta yadda baƙon da bai taɓa taka Kano ba zai iya furta jimlar kusan daidai. Idan ka buɗe ƙaramar kalma irin ci ko sha ko yi, sai ka ga misalai sun yi jerin gwano: cin kasuwa, cin amana, cin mutunci, shan wahala, shan iska, da sauransu. Ni da na tashi da harshen, a nan na fara ganin faɗinsa a shimfiɗe. Ba a ce babu kuskure a ciki ba. Masanan da suka biyo baya sun gyara masa abubuwa, musamman tsawon wasalin ƙarshen kalma, wanda ya ba Turawan farko wahala ƙwarai. Amma mai gyara ya sami abin gyarawa ne.

Sunan Malam Mai Kano

Akwai wani abu da na gani da idona a laburaren jami'a wanda ya tsaya mini a rai. Bugun farko na 1949 sunan mutum biyu ne a kansa: R. C. Abraham da Malam Mai Kano. Bugu na biyu, wanda Maɗaba'ar Jami'ar Landan ta fitar a 1962, wanda kuma shi ne ya fi yaɗuwa a makarantu, har da namu na tokare taga, sunan Abraham ne kaɗai. A yau duk wanda zai ambaci littafin ƙamusun Abraham yake cewa.

Duk wanda ya taɓa yin aikin tattara bayanan harshe ya san ba a yin sa da mutum ɗaya. A shekararmu ta uku an sa mu zauna da wani ɗalibi mai jin wani ƙaramin harshe na Jihar Bauchi, mu tattara kalmomi 200 daga bakinsa. Mako uku muka yi muna sa shi maimaita kalma ɗaya sau biyar sau shida, har muryarsa ta dushe. Wannan kalmomi 200 ke nan. To, ina ga littafi mai shafi kusan 1,000 cike da karin magana da salon zance? Kowace jimla a ciki daga bakin wani Bahaushe ta fito. Yabon da nake yi wa Abraham bai hana ni cewa malaman da suka zauna da shi, da waɗanda suka zauna da Bargery, da Dorugu da ya zauna da Schön, suna da haƙƙi a wuyanmu ba. Mafi ƙarancin abin da za mu yi shi ne idan mun ambaci ƙamusun mu haɗa da sunan Malam Mai Kano, kamar yadda aka buga shi da farko.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1951 ya fitar da nahawun Somaliyanci, kuma a shekarar ya yi ritaya daga SOAS. Maimakon ya zauna ya ci fansho, a 1952, yana da shekara 61, sai ya fuskanci Yarabanci, harshe mai matakan karin sauti uku, wanda tsarinsa ya sha bamban da na Hausa. Cikin shekara shida ya kammala Dictionary of Modern Yoruba, aka buga shi a 1958, kuma masana Yarabanci na ci gaba da komawa gare shi. A 1959 ya sake fitar da littattafai biyu kan Hausa, ɗaya kan nahawu, ɗaya kan adabi da tsarin sauti. Daga nan ya juya ga harshen Ibo, kuma yana cikin wannan aiki ne ajali ya same shi a Landan ran 22 ga Yuni 1963, yana da shekara 72.

Bayan mutuwarsa aka ci gaba da fitar da abin da ya bari: ƙamusun Somaliyanci zuwa Turanci a 1964, da abin da ya rubuta kan Ibo, wanda aka buga a Ibadan a 1967. A 1992 SOAS, makarantar da ta hana shi kujerar Hausa, ta buga kundin maƙalu na musamman don girmama shi, wanda masanin Hausa Philip Jaggar ya tsara. Idan aka lissafa, Hausa da Yarabanci da Ibo da Tibi da Idoma duk sun ratsa ta hannunsa, wato manyan harsunan ƙasar nan uku da biyu daga cikin na tsakiyarta, ban da na gabashin Afirka.

Aikin bai tsaya a kansa ba, kuma abin farin ciki shi ne ya dawo hannun masu harshen. Farfesa M. K. M. Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawun Hausa a 1976. A 1977 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano ta fitar da sabon ƙamusun Hausa zuwa Turanci wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka tsara. A 2006 kuma cibiyar ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ke bayanin Hausa da Hausa.

Abin da Ƙaramin Fanni Ya Yi Mini

Yau shekaruna goma da 'yan kai ina aikin gwamnati, kuma zan iya cewa ƙaramin fannin nan da na ɗauka da wasa ya fi yi mini amfani a kullum bisa babban. Shi ya koya mini in duba takarda in tambayi kaina ta hanya nawa za a iya fahimtarta. Sai dai sau ɗaya na yi sakaci, na kuwa gani a ƙwaryata. An ba ni wata sanarwa in fassara zuwa Hausa domin a karanta a rediyo, kan tallafi ga manoman da ƙarancin ruwan sama ya shafa. Cikin gaggawa na rubuta cewa tallafin na waɗanda ɓarnar fari ta shafa ne. Mai karantawa ya ja wasalin, ya karanta fari na ƙwari. Kwana biyu bayan haka wasu manoma suka yi kuɗin mota tun daga ƙauye suka zo ofishinmu neman maganin feshi, waɗanda aka yi sanarwar dominsu kuwa suna gida ba su san da su ake ba. Laifin nawa ne, ba na mai karatu ba, domin kalmar da aka fara koya mini ke nan a allo. Da na rubuta rashin ruwan sama, da ba a yi haka ba. Tun daga ranar, duk sanarwar da za ta fita daga teburina sai na karanta ta da ƙarfi tukuna.

Wannan ya kawo ni ga roƙon da nake so in yi wa ƙungiya. Da na ziyarci makaranta a hutun da ya wuce, na leƙa laburare, na tarar tsohon ƙamusun yana nan, amma shafukan farko da na ƙarshe sun zube, kuma shi ne kaɗai ƙamusun Hausa a ɗakin. Mun yi ƙoƙari wajen gyaran azuzuwa da rijiyar burtsatse, Allah ya saka wa kowa. Ina ba da shawara a taro mai zuwa a ware wani abu a kai wannan littafi wurin masu ɗinkin littattafai, a kuma sayo ƙamusoshin zamani na Hausa ko da kwafi biyar-biyar ne, sa'an nan a sa 'yar kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibin da ya fi kowa a darasin Hausa, da sunan malaminmu da ya yi ta fama da mu muna gudu. Ni na ɗauki nauyin ɗinkin, da kwafi biyu na farko.

Ga ƙannenmu da ke shirin shiga jami'a kuma, idan aka ce ku zaɓi ƙaramin fanni, kada ku zaɓa da ka irin yadda na yi, kada kuma ku raina shi bayan kun zaɓa. Ga 'yan ajinmu da muke ofis-ofis muna cewa lokaci ya ƙure, Abraham ya shiga jami'a yana da shekara 32, ya fara koyon Yarabanci yana da 61. A ƙauyukanmu akwai tsofaffi da ke riƙe da sunayen itatuwa, da kalmomin saƙa da ƙira da jima da su, waɗanda 'ya'yanmu ba su taɓa ji ba, kuma kowannenmu na yawo da wayar da za ta iya ɗaukar muryarsu. Ni dai na fara da kakata a hutun sallar da ta wuce, na sami kalmomi 60 na kaɗi da saƙa, na kuma rubuta sunanta a saman shafin farko.

Ga malaminmu na Hausa, idan wannan mujalla ta iso hannunka, Malam, ka yafe mana. Littafin da ka yi ta nuna mana, na buɗe shi daga baya.